Shekarar da Aka Sa wa Shagona Kwaɗo

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a kaina, ku 'ya'yana da jikokina. Kada ku ɗauka don kunnena na hagu ya yi nauyi zancen ba ya iso ni. Wai Baba tsoron waya yake yi, wai taurin kai ne ya zaunar da shi a shagon da ko ƙuda ya gaji da leƙawa, wai ya tsaya jayayya da zamani har zamani ya wuce ya bar shi. To, taurin kan ban musa ba, gadonsa na yi, kuma na lura wasunku sun samu kasonsu tun ina raye. Amma tsoron waya ƙarya ake mani. Da ita nake sauraren karatu, da ita nake ganin fuskokin jikokina da ke nesa. Abin da ya zaunar da ni a shagon nan daban ne, kuma tunda likita ya ce in rage yawan magana, bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Shagon yana nan inda kuka san shi, a kan hanyar Ƙofar 'Yandaka, ɗaki ɗaya mai ƙyaure biyu. Mahaifina, Malam Dikko mai yadi, shi ya gina shi da tubali, ni na zo na shafe shi da siminti na yi masa rufin kwano. Farin yadi muka fara sayarwa, alawayyo da akoko, daga baya na ƙara da shadda da atamfa. Wanda duk ke sayar da farin yadi a cikin birni ya san rabin cinikinsa na likkafani ne. A nan wata al'ada ta samo asali, wadda yawancinku ba ku san da ita ba sai da ta ɓaci. Tsoho ko tsohuwa idan Allah ya nufe su da zuwa Makka, sukan yanki yadin likkafaninsu a wurinmu su tafi da shi, su tsoma a ruwan zamzam, su shanya a can, su dawo da shi a yamutse ba wanki ba guga. Ba a fafe gora ranar tafiya. To, ajiye shi a gida ne aiki. Wata ta sa a akwati, 'ya'ya su gani su hau kuka wai tana kira wa kanta mutuwa. Wani kuma jika ya zaro ya kai wa tela a yi masa rigar makaranta. Sai mai shi ya ƙulle abinsa a cikin tsohon zane, ko kallabi, ko guntun rawani, ya kawo shago ya ce a ajiye masa. Mahaifina yakan ɗora a kantar sama, can kusa da rufi. Ba ya rubuta suna, ba ya karɓar ko kwabo, ba ya kuma faɗa wa kowa. Zanen da aka ƙulle da shi, shi ne sunan. Mai kayan yakan gaya wa mutum ɗaya a gidansa, wani ma sai ciwo ya yi tsanani. Ranar da ta zo, ɗan aike ya iso shago, a miƙa masa, kafin a gama wankan gawa kaya sun isa. Shi ya sa mahaifina ke buɗe shago da an fito sallar asuba, har Juma'a, har ranar Salla.

Ranar da ya damƙa mani shagon, bai yi dogon wa'azi ba. Sandarsa ya ɗaga ya nuna sama.

"Sada, yadin ƙasa naka ne, ka saida yadda ka ga dama. Na bisa ba naka ba ne. Ranar da ka ga ba ka iya buɗe ƙyauren nan, ka maida ma kowa abinshi tukuna."

Na riƙe wannan magana shekaru masu yawa, sannan na sake ta a shekarar da ta fi kowace buƙatar a riƙe ta. Ina alwalar la'asar hawan jini ya kayar da ni. Ɓarin damana ya yi nauyi, harshe ya karye, na yi makonni a asibiti ina kallon silin. Da aka sallamo ni, Kabir, babban ɗana, wanda ke aikin gwamnati yana zaune a GRA, ya tara ku a ɗakina. Murja, autata, ba ta daɗe da gama karatun kasuwanci a jami'a ba, kanta cike da ilimi, bakinta kuma ba ya jiran a ba shi izini, halin da na san inda ta samo shi. Ita ta yi bayani. Ta ce a rufe shagon, a kwashe kayan a kai gidan yayanta inda akwai ɗaki ba kowa da wutar lantarki, ta riƙa ɗaukar hotonsu tana sayarwa ta waya, a ɗora wa mai saye a mota duk inda yake. Sannan ta jefo mani wata kalma.

"Baba, irin kasuwancinka a littafi sunanshi brick and mortar. Kuma ko'ina cikin duniya mutuwa yake."

Na tattara harshena da ƙyar na ce mi ke nan. Ta ce bulo da kwaɓaɓɓen simintin da ake ɗora shi, wato da haka Turawa ke kiran duk kasuwancin da ke da gini da ƙofa, wanda sai mai saye ya tako da ƙafarsa, don a bambanta shi da wanda ake yi ta intanet. Ta ce banki mai reshe haka ake ce masa, kanti haka, har makaranta mai aji. Na so in yi dariya, rabin bakina ya ƙi. Shekara sittin ana shiga shagon nan ana fita ba wanda ya ga yana buƙatar wani suna bayan shago, sai da aka samu 'yan kasuwar da ba su da inda za a iske su, sannan aka raɗa wa masu wuri sunan kayan gini. Kuma na lura da yadda ake faɗin kalmar, da ɗan tausayi, irin yadda ake cewa wane ya tsufa. Na ce mata nawa ma bai kai bulo ba, tubali ne. Kowa ya yi dariya, aka ɗauka na sauko.

Mahaifiyarku Hajiya Binta ta goyi bayanku, kuma ban ga laifinta ba, ita ta kwana tana juya ni a gadon asibiti. Ta ce Alhaji ka bari yara su ɗauke maka nauyi. Na gaji, jikina ba nawa ba, na gyaɗa kai. Na ɗauka kayan ƙasa kawai za a kwasa, don wa zai hau kujera ya taɓa tsofaffin ƙulle-ƙulle masu ƙura? Ban ce komai a kan kantar sama ba. Bakina ya saba da rufe wannan sirri har ya manta akwai ranar buɗe shi. Aka kwashe kaya, aka sa wa ƙyaure kwaɗo, aka liƙa takarda mai lambar waya.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ban taɓa ɓoye ta ba: Murja ta iya ciniki. Cikin kwana arba'in ta sayar da shaddar da nakan yi wata huɗu ina kallo. Mutanen da ban taɓa jin sunan garinsu ba suna saye. Tana zuwa da yamma tana nuna mani a waya, ina jin daɗi har cikin raina, ina cewa ashe dai na haifa.

Sai wata Talata bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Malam Lawal ne, ɗan Iya Turai. Iya Turai ƙawar mahaifiyata ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ta yi shekaru tana tari kafin ta samu zuwa Makka sau ɗaya tak. Ƙullinta na cikin wani shuɗin zanen saƙi, tun zamanin mahaifina yake saman kanta. Duk shekara kafin azumi takan zo shago ta gaishe ni, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ga yana nan, ta yi sallama ta tafi. Ba ta taɓa cewa a sauko mata da shi ba. Muka gaisa da Lawal, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya sake tambayar jiki, sannan ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, Iya ta rasu da hantsi, har mun kai ta. Kafin ta cika ta ce mani kayanta na wurinka. Na je shago na iske kwaɗo. Na kira lambar da ke jikin ƙyaure ba a ɗauka ba, sai saƙo ya shigo wai in zaɓi kala in turo adireshi. Na so in biyo gida, aka ce ba ka da lafiya ba a tashinka, ga mutane sun taru, liman na jira. Sai na tahi Babbar Kasuwa na yanko wani."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa ya yi Allah bai nufa ba, ya yi mani fatan samun lafiya, ya tashi. Na sani, kamar yadda kowane ɗalibi ya sani, ba yadi ke kai mutum aljanna ba. Amma tsohuwar nan abu ɗaya ta roƙa a wurin gidanmu duk tsawon rayuwarta, ta bibiye shi shekara da shekaru, ranar da ta buƙace shi kuma aka ce ta zaɓi kala. Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba.

Ban jira kowa ba. Na ja ƙafata na tari babur mai ƙafa uku zuwa GRA. Murja ta yi murnar ganina, ta ja hannuna zuwa ɗakin kayan, ga yayanta da matarsa da wani direba da ya zo ɗaukar saƙo. An jera komai tsaf, kala-kala, kamar ba kayana ba. Na tambaye ta ina ƙulle-ƙullen saman kanta. Fuskarta ta washe, ta nuna mani wani tarin farin yadi a kusurwa, a ninke, a goge, yana ƙamshin sabulu.

"Ga su nan, Baba. Cikin tsummokara na same su, duk ruwa ya yi masu shaida, da alama rufin na yoyo. Na ba mai wanki ya wanke su da bilic ya goge, ka ga sun dawo kamar sabbi. Ban saida ko ɗaya ba, jira nike ka faɗa mani farashi."

Na ce ina tsummokaran. Ta ce an zubar tun ranar. Ƙulli goma sha tara ne, na san kowanne kamar yadda na san fuskokinku, yanzu ga su sun zama tari ɗaya, ba zamzam, ba suna.

Abin da na faɗa mata a wurin shi ne abin da ya fi yi mani ciwo a duk wannan labari, kuma zan rubuta shi yadda na faɗe shi don kada wani ya gyara mani. Na ce karatun nata duk bai koya mata tambaya ba. Na ce ta wanke wa bayin Allah guzurinsu na kabari don ta samu hoto mai kyau. Na ce ta cire hannunta daga harkar shagona har in mutu. A gaban baƙo na faɗa. Ta tsaya tana kallona ba ta gane ba, sai da na bayyana mata mene ne yadin, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Yarinyar nan alheri ta yi niyya. Ba wanda ya gaya mata, kuma wanda ya kamata ya gaya mata shi ne ke tsaye a kanta yana faɗa. Tun ina cikin faɗan na san laifin nawa ne, kunya ce ta ɗaga mani murya.

Washegari na aika wa Kabir ya ba ni makulli. Ya zo da kansa, ya ce likita ya hana ni zaman shago, kuma ya riga ya yi wa wani mai sayar da wayoyi alkawarin haya, mutumin abokin aikinsa ne ya kawo shi, ba zai iya janye magana ba. Na ce bakinsa ya bayar, ba ƙyauren ubana ba. Ya ce makulli dai ba zai bayar ba, don ba ya son a kira shi a ce na faɗi a shago. Na ce to madalla. Na kira mai walda ya yanke kwaɗon da rana tsaka, mutanen layi na kallo. Na san na kunyata ɗana a gaban abokansa, kuma ya nuna mani ya ji, don a Sallar shekarar nan matarsa da yara ya turo, shi bai tako ba. Ban bi shi ba. Ban kuma yi nadamar yanke kwaɗon ba, ko yau aka sake sa wani zan sake kiran mai walda.

Buɗe shago shi ne mai sauƙin. Saura mutum goma sha takwas da ke raye, kowa na kwana da tunanin kayansa na nan yadda ya bar su. Hajiya ta ce in yi shiru, in samo wasu tsofaffin zannuwa in ƙulle, wa zai sani? Ta faɗa ne don ta tausaya wa ƙafata. Na ce wanda aka yi tanadin domin haɗuwa da shi ya sani. Na ɗauki sanda na shiga lunguna, gida-gida, kwana goma sha ɗaya ina yi, ina faɗa wa kowa abin da ya faru ba tare da na ambaci sunan Murja ba. Wata tsohuwa ta yi kuka har na rasa inda zan sa kaina, don ta san ba za ta sake ganin Makka ba. Wani dattijo ya ce in ba shi yadinsa, daga yau ba shi ba gidan Malam Dikko, kuma ya cika alkawari, har ya rasu bai sake amsa gaisuwata da fara'a ba. Na ɗauka haka sauran za su yi, na kuma shirya wa hakan. Sai na je wurin Malam Mamman, tsohon ladanin masallacinmu, wanda idonsa ya riga ya tafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in miƙo masa kowanne daga ciki. Ya shafa shi, ya kwance rawanin da ke kansa, ya naɗe yadin a ciki ya ƙulle, ya turo mani.

"Ruwan ya taɓa shi, sabulu bai isa ya ce bai taɓa ba. Maida shi inda yake. Kai dai ka riƙa buɗewa, Sada, don ni ban iya kiran lamba ba."

Mutum goma sha biyar suka sake ƙullewa suka ba ni, sauran ukun suka riƙe nasu. Wanda ya rage ba mai shi, wato na Iya Turai ko wanda ya tsaya a madadinsa, na kai wa Lawal, ya ce a yi wa wanda ba shi da kowa sutura da shi, aka kuwa yi. Tun daga lokacin nake rubuta suna a 'yar takarda in cusa cikin kowane ƙulli, na kuma nuna wa Hajiya. Wannan darasi ne da na koya a makare, kuma Murja ce ta biya mani kuɗin koyonsa.

Ciniki kam ya tafi, ba zan yi maku ƙarya ba. Masu sayen shadda sun koma waya, wasunsu ma wurin Murja suke saye, don bayan ta yi aure ta kafa nata ita kaɗai, ya kuma bunƙasa har tana da ma'aikata. Ni kuwa wata rana daga safe har azahar ba wanda zai shigo sai mai neman inuwa. Ku ce bulo da siminti na mutuwa, ban yi gardama ba, ina gani da idona. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a auna shagona da abin da ya sayar kawai. Wanda ya raɗa wannan suna bango ya kalla, bai shigo ciki ba. Akwai abin da mutum ke buƙata yanzu-yanzu, daga hannun wanda ya san shi, a wurin da ƙafarsa ta san hanya ko da hankalinsa ya tashi. Ranar da waya ta iya wannan, ku zo ku faɗa mani, ni da kaina zan sa kwaɗon.

Da Kabir mun shirya kafin shekara ta zagayo, jini ba ya ƙarya. Murja ce ta daɗe. Shekara uku tana zuwa gida ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwar da ba ta da aibi kuma ba ta da ɗumi, amma ko hanyar shagon ba ta bi. Na aiki mahaifiyarta da ban haƙuri, ta dawo ta ce mani Murja ta ce ta ji. Girman kai ya hana ni faɗa da bakina, don haka ga shi a rubuce inda kowa zai gani: Murja, na zalunce ki ran nan, ki yafe mani.

Bara ita da mijinta suka je Umra. Kwana biyu da dawowarsu, ina zaune a shago da hantsi, sai na ga mace ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Ita ce. Ta shigo ta durƙusa, muka gaisa, na yi mata barka da dawowa. Sai ta buɗe jaka ta fito da wani ƙulli cikin koren kallabi, yadin ciki a yamutse, ta ajiye a gabana.

"Baba, a aje mani."

Na ce ke da ko arba'in ba ki kai ba. Ta ce ba a tambayar shekaru. Na ce mata in dai Allah ya bi da mu bisa tsari, ranar da za a zo amsar wannan ni na daɗe a ƙasa, to wa zai buɗe ƙyauren? Ta dubi ƙafata, ta ga ba zan iya hawa ba, ta jawo kujera ta hau da kanta, ta gyara wa ƙullinta wuri a tsakanin na tsofaffi, ta sauko tana kakkaɓe hannu.

"Za a buɗe," in ji ta.

Don haka, Kabir, na san har yanzu masu son wurin suna bi ta wajenka, na kuma san kana ce masu su ƙara haƙuri, tsoho ne. Ba laifi, su yi ta haƙurin. Amma idan an dawo daga kai ni, kada ka tara kowa a kan maganar shagon nan. Ka kai mai sayen wurin ƙanwarka ya yi mata bayani, kayanta na sama.